Garin da Aka Raba da Babur: Son Mashin da Alfaharin Mallaka a Maiduguri

Yaron da aka haifa a Gwange ko Bulumkutu a daminar 2011 yanzu ya tasa, muryarsa ta fara buɗewa, amma bai taɓa ganin 'yan acaɓa sun yi dafifi a bakin Monday Market suna rige-rigen fasinja ba. Bai san yadda garin yake cika da ƙarar Jincheng bayan sallar asuba ba. A farkon watan Yulin shekarar ne gwamnatin Jihar Borno, ƙarƙashin Gwamna Kashim Shettima, ta haramta hawa babur a cikin Maiduguri da ƙaramar hukumar Jere, na haya da na gida duka. Shekaru sun shuɗe, gwamnati ta sauya hannu, dokar ba ta ɗagu ba.

Duk da haka, in aka zauna majalisa da magidantan da suka haura arba'in, aka taɓo zancen mashin, sai hira ta ɗau zafi. Wannan ya rantse ba a taɓa yin kamar Honda ba, wancan ya ce Boxer ce ta fitar da shi kunya ta yi masa aure, wani kuma har yanzu yana iya karanto lambar baburinsa na farko da ka. Mutanen da suka yi shekara da shekaru ba su murɗa totur ba, ga su suna kare sunan kamfanin da bai san da zamansu ba. Me ke ɗaure zuciyar mutum ga ƙarfe haka?

Inda wannan ɗabi'a ta fi fitowa fili a duniya shi ne wajen masu manyan baburan kilisa, irin waɗanda ba a yi su don tsere ko ɗaukar kaya ba. Kujerarsu a ƙasa take, mahayi ya miƙe ƙafafu gaba, ya buɗe hannuwa a kan faffaɗan ƙaho, injin mai tukunya biyu yana gurnani a hankali. Duk wanda ya taɓa ganin basarake ya fito kilisa da yamma ya san manufar: ba sauri ake ba, so ake a ji daɗin hawan, kuma a gani. Sarkin wannan fage shi ne Harley-Davidson, wanda aka kafa a birnin Milwaukee na Amurka a 1903. A 1909 ya fitar da injinsa na farko mai tukwane biyu da suka haɗu kamar baki buɗe, kuma wannan siffa ce har yau ake gane shi da ita tun daga nesa.

Abin lura a tarihin Harley shi ne, soyayyar da ake yi masa ba a lokacin da ya fi inganci ta yi ƙarfi ba. A 1969 wani kamfani mai suna AMF ya saye shi, aka ƙara yawan abin da ake ƙerawa, inganci ya zube. Baburan suka yi suna wajen yoyon baƙin mai, a daidai lokacin da Honda da Yamaha da Kawasaki da Suzuki ke shigowa Amurka da kaya masu araha waɗanda ba sa ba da wahala. Kamfanin ya kai gargara. A 1981 manyan ma'aikatansa goma sha uku suka haɗa kai suka fanso shi a kan kuɗi kimanin dala miliyan 80. A 1983 Shugaba Ronald Reagan ya ƙaƙaba haraji mai nauyi a kan baburan waje da injinsu ya haura cc 700, don ya ba su damar numfasawa. Sai dai abin da ya fi harajin tasiri shi ne wata dabara da kamfanin ya ɓullo da ita a wannan shekarar: ya kafa wa masu baburansa ƙungiya, Harley Owners Group, wadda ake taƙaitawa da HOG. Kowane dila ya zama cibiyar reshe. Ka sayi babur, ka sami abokan tafiya, da ranar fita tare, da riga mai tambari, da wanda zai tsaya maka in ka lalace a hanya. Mambobin ƙungiyar sun taɓa haura miliyan ɗaya. Zuwa 1987 kamfanin da kansa ya nemi a janye harajin tun wa'adinsa bai cika ba.

Wasu malaman jami'a biyu, John Schouten da James McAlexander, sun sayi babura suka shiga cikin waɗannan mahaya na tsawon shekaru, suka wallafa abin da suka gani a 1995. Sun tarar da al'umma mai manya da ƙanana, inda darajar mutum ke hawa gwargwadon daɗewarsa a kan babur da nisan da ya ci da irin hidimar da yake yi wa mashin ɗinsa, ba gwargwadon kuɗinsa kawai ba. Sabon shiga sai ya yi ladabi ya koya. Akwai masu zana tambarin kamfanin a fatar jikinsu. Shi kuma kamfanin ya san darajar abin da yake riƙe da shi, har ya kai a 1994 ya nemi a yi masa rajistar ƙarar injinsa a matsayin mallakarsa. Abokan hamayya suka yi ca, aka yi ta jan magana har ya haƙura a 2000.

Kowace shekara a watan Agusta, ɗan ƙaramin garin Sturgis da ke jihar South Dakota, wanda mazaunansa kimanin dubu bakwai ne, yana karɓar baƙuncin dubban ɗaruruwan mahaya. Taron ya faro ne a 1938, kuma wanda ya assasa shi dilan baburan kamfanin Indian ne, babban abokin hamayyar Harley, wanda ya fara a 1901, ya durƙushe a 1953, sannan ya dawo da ƙarfinsa bayan da kamfanin Polaris ya saye sunan a 2011. Shekaru masu yawa sunan Indian yana yawo daga hannu zuwa hannu ba tare da wani abin kirki ba, amma masoyansa suna riƙe da tsofaffin baburansu suna lallaɓawa. A Indiya ma haka labarin Royal Enfield yake. Asalinsa na Ingila ne, aka fara harhaɗa shi a Madras a 1955, masana'antar Ingila ta rufe a wajajen 1970, ta Indiya ta ci gaba. Mai Bullet a can yana jin kansa daban da sauran masu babur, kuma layin ruwan zinare da ake ja wa tankinta da hannu abin tinƙaho ne.

To, wannan duk soyayya ce ta mai ƙoshi. Mai Harley yana da mota a gida, baburinsa na ranar hutu ne. A Maiduguri labarin ya sha bamban tun daga tushe, kuma a nan ne ya fi daɗin bibiya.

Babur ya shigo garin ne a matsayin shaidar cewa mutum ya kama ƙasa. Maiduguri ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, sannan ta Borno a 1976. Jami'a ta zo a 1975. Ma'aikatu suka yawaita. Ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya sa kuɗi a hannun ƙananan ma'aikata, ga kuma bashin babur da hukumomi ke bai wa malaman makaranta da malaman gona da ma'aikatan asibiti. Wanda ya bar Raleigh ya hau Honda Benly ko Suzuki ko Yamaha, unguwa ta san ya ci gaba. Vespa ta zama ta dattawa da 'yan kasuwa masu babbar riga, saboda ba a ɗaga ƙafa a tsallaka, kuma rigar mutum ba ta shiga sarƙa. Roadmaster kuwa, mai salansa biyu da nauyin jiki da tafiya a natse, ita ce ta fi kusa da abin da Amurkawa ke nema a wajen Harley. Mai Roadmaster ba ya gudu. Yana tafe a kan hanyar Dandal zuwa ƙofar Shehu hula a karkace, yana amsa gaisuwa.

Sunan da Honda ta yi ba a banza ta same shi ba. Kafin kamfanin ya fitar da CG 125 a 1975, sai da injiniyoyinsa suka zagaya ƙasashe masu tasowa suka ga yadda ake amfani da babur a zahiri: ana labta masa kaya fiye da kima, ana jinkirin canjin baƙin mai, ba a kai shi wajen gyara sai ya tsaya cak. Suka koma suka ƙera injin da zai jure wannan rashin kulawa. Daga baya kamfanin ya kafa masana'antar harhaɗawa a Ota ta Jihar Ogun. A gari irin Maiduguri, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ƙurar hunturu ke toshe komai, kuma yashi ke jiran mutum da zarar ya sauka daga kwalta, injin da bai da ƙwari ba ya ɓoyuwa. Wata shida sun isa a san gaskiyarsa.

Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabon babur ɗan Japan ya fi ƙarfin talaka, motocin haya suka yi ƙaranci, acaɓa ta samu gindin zama. Daga ƙarshen shekarun 1990 kayan Sin suka kwararo, Jincheng da Lifan da ire-irensu, a farashin da saurayi zai iya tarawa. Bayansu Bajaj ta Indiya ta shigo da Boxer, mai doguwar kujera da ƙarfin ɗaukar buhu da fasinja a lokaci guda, kuma Najeriya ta daɗe tana kan gaba a kasuwannin wannan kamfani na ƙetare. Daga nan babur ya tashi daga abin ado ya koma gona. Shi ne kuɗin cefane, shi ne kuɗin makarantar yara, shi ne motar asibiti in naƙuda ta tashi da tsakar dare.

Saboda haka riƙon da ɗan acaɓa ke yi wa sunan kamfani lissafi ne kafin ya zama soyayya. Tambayarsa ta farko ita ce, in fiston ya mutu yau, zan samu a shagon bakin titi ko sai an aika Kano? Ta biyu, bakanikena ya san cikinta? Sai shan mai, sai kuma wadda ta fi duka nauyi: in wata larura ta taso na kai ta kasuwa, nawa za ta dawo mini? Babur da ke riƙe farashinsa ajiya ce, kamar kuɗi a hannu. Da irin wannan ne wani suna ke mamaye gari. Yawan masu shi ya jawo yawan kayan gyaransa, yawan kayan gyara ya sa yaran gareji suka ƙware a kansa, ƙwarewarsu ta sa sabon mai saye ba ya ma duban wani. Bakanike shi ne babban ɗan tallan da kamfani bai taɓa biya ba. Kalma ɗaya daga bakinsa, "wannan ba ta da matsala" ko "kar ka soma", ta fi duk allunan talla da ke kan titi.

Amma lissafi kaɗai ba zai bayyana abin da ake gani ranar da saurayi ya fito da sabon mashin ba. Ba ya cire ledar kujera. Wani ma har ta fitila da ta madubi yana bari sai iska ta yage su da kanta. Kafin ya ɗauki fasinja ko ɗaya sai ya tura shi gida, mahaifiya ta fito ta dafa tanki ta sa albarka, a ba almajirai sadaka, maƙwabta su zo da "Allah ya sa alheri, Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya". Makonnin farko ba ya matsa wa injin, yana lallaɓa shi har ya saki jiki, ya zubar da baƙin man farko da wuri. Sai ado: shimfiɗar kafet a kan tanki don kada maɓalli ya karce fenti, geza a hannuwa, roba mai launi a jikin waya, da rubutu a bayan lamba, addu'a ko kirari ko sunan ƙungiyar ƙwallo. Da yamma a wanke shi da omo, a bi sarƙa da mai, a shigar da shi zaure ko ma cikin ɗaki ya kwana kusa da mai shi. Aron babur kuwa magana ce mai nauyi, ta sha raba abokai. Wanda ya ga wannan ya ga abin da malaman nan biyu suka gani a Amurka, bambancin kawai shi ne mai Boxer bai da wata mota a gida.

Ƙungiya ma akwai ta, ko da yake ba kamfani ne ya kafa ta ba. Kowace tashar 'yan acaɓa tana da shugaba da ɗan asusu. In an kama mashin ɗin wani, a tafi tare a yi belinsa. In ɗayansu zai yi aure, ranar ɗaukar amarya gari ya sani, jerin babura da hon da wasan ganganci wanda ya sha jawo karaya, wani lokaci har da rasa rai. Wannan ɓangaren ba abin yabo ba ne, kuma dattawan gari sun yi ta kuka da shi tun kafin a san za a shiga wata fitina.

Fitinar kuwa, a kan babur ta fara bayyana. A ranar 1 ga Janairun 2009 dokar tilasta sa hular kwano ta fara aiki a faɗin ƙasa. A ranar 11 ga Yunin shekarar, jami'an rundunar Operation Flush suka tare 'yan ƙungiyar Boko Haram, mabiya Muhammad Yusuf, da ke kan babura suna rakiyar gawa zuwa maƙabarta, gardama ta tashi a kan hular, aka yi harbi, mutum goma sha bakwai suka jikkata. A ƙarshen Yuli gari ya kama da wuta. Da ƙungiyar ta sake ɗagowa a 2010, salon da ta ɗauka shi ne mutum biyu a kan mashin, na baya riƙe da bindiga. Haka aka riƙa bin 'yan sanda da masu unguwanni da malamai har ƙofar gida. A ranar 28 ga Janairun 2011 aka kashe ɗan takarar gwamna na jam'iyyar ANPP, Modu Fannami Gubio, bayan sallar Juma'a. A ƙarshen Yunin shekarar aka kai hari a unguwar Dala, mutane da dama suka mutu. Ƙarar da a da ke nufin maigida ya dawo, ta koma abin da ke sa a watse daga majalisa.

Duk mai adalci zai yarda cewa a wancan lokaci gwamnati ba ta da zaɓi mai yawa. Amma kuma duk mai adalci zai yarda cewa waɗanda suka biya kuɗin wannan doka ba su ne suka yi laifin ba. Dubban matasa sun wayi gari jarinsu ya zama haramtaccen kaya. Wasu suka karyar da shi, wasu suka loda a mota suka bar gari neman inda za su ci gaba da sana'a. Masu sayar da kayan gyara, da masu faci, da yaran gareji, duk abin ya shafe su. Malamin makarantar da ya shekara ashirin yana goge Hondarsa ya jingine ta a zaure, taya ta sace, batir ya mutu.

Kuma abin bai tsaya a Maiduguri ba. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Jihar Diffa ta Nijar ta haramta babura a 2015 ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. A wannan shekarar sojoji suka hana hawa doki ma a Borno, saboda maharan sun koma amfani da shi, a ƙasar da mahayanta masu sulke suka ba Bature Dixon Denham mamaki a 1823. A arewa maso yamma kuwa, ƙarfin da ya sa manomi ke son wani samfurin Honda shi ne ya sa 'yan bindigar daji suka rungume shi, har jama'a suka laƙaba wa baburin sunan Boko Haram. Suna mai kyau da kamfani ya shekara yana ginawa, ga inda ya faɗa ba da laifinsa ba. Harley ma ya taɓa shiga irin wannan, lokacin da ƙungiyoyin 'yan daba irin su Hells Angels, wadda aka kafa a 1948, suka sa Amurkawa na ganin duk mai babban babur a matsayin ɗan ta'adda. A farkon shekarun 1960 Honda ta ci kasuwar Amurka ne da tallan da ke nuna ɗalibai da matan gida da ma'aikata a kan ƙaramin babur, don ta nuna cewa mutanen kirki ma suna hawa. Su sun wanke sunan babur da talla da ƙungiya. A Borno jini ne ya zuba, wankin ba zai zo da sauƙi haka ba.

Sai dai son abin hawa bai bar garin ba, ƙafa ya ƙara. Keke Napep ya cike gurbin cikin 'yan shekaru. Akwai ma wata alaƙa da ba kowa ke tunawa da ita ba: Buba Marwa, wanda ya yaɗa keken mai ƙafa uku a Legas lokacin yana gwamnan soja daga 1996 zuwa 1999 har aka sa wa keken sunansa, ya riga ya mulki Borno daga 1990 zuwa 1992. Shirin yaƙi da talauci na NAPEP da gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2001 shi ya ba keken sunan da ya bi shi. Yau gardamar da ake yi a da tsakanin mai Jincheng da mai Boxer ta koma tsakanin mai Bajaj da mai TVS, kuma ma'aunin bai canza ba: wanne ya fi jure lodi, wanne kayansa suka fi sauƙin samu, wanne ke saurin fita in an kai kasuwa. Adon ma ya biyo: labule, fitilu masu launi, lasifika, kafet a ƙasa, rubutu a bayan tamfol. Tsofaffin bakaniken babur da yawa a kan keke suka ƙarasa.

Abu ɗaya ne ya canza, kuma shi ne ya fi damun duk mai kishin matasan garin. Keke ya ninka babur tsada nesa ba kusa ba, balle bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar naira da ta biyo baya. A da yaro zai yi dako ko noman rani ya tara kuɗin mashin na hannu. Yanzu mafi yawan hanyar shiga sana'ar ita ce ta wani mai hali: ko dai ka karɓi keke kana kai balas kullum, keken ba zai taɓa zama naka ba, ko kuma a ba ka bashi a kan farashin da ya ɗara na kasuwa sosai, kana biya mako-mako har ka gama. Wanda ke kan irin wannan yarjejeniya ba ya barci da ido biyu, domin in ya yi fashin biya ana iya karɓe keken, abin da ya zuba ya bi ruwa. Ana gane bambancin a kan titi. Keken balas ana dukansa ba tausayi, ramin da ya kamata a kauce a faɗa, tunda na wani ne. Keken da mai shi ke tuƙawa kuwa, ko ya tsufa za ka gan shi tsaf. Ranar da direba ya kai kuɗin ƙarshe aka miƙa masa takardu, ranar ce yake jin abin da yayansa ya ji lokacin da ya turo Boxer cikin leda. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a ranar 10 ga Satumban 2024 ta nuna yadda wannan mallaka take da rauni: ruwa ya shanye unguwanni da kasuwanni, kuma wanda kekensa ya nutse bashinsa bai nutse tare da shi ba.

Keke mai ƙafa biyu shi ma ya dawo da martabarsa. Ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa sun koma kansa, ga masu gyaransa a kowace kwana, kuma a can ma ana jin irin wannan musu tsakanin mai Phoenix da mai ɗan gwanjo mai giya.

Sabon fagen da ke buɗewa shi ne na lantarki. Wani ɗan garin, Mustapha Gajibo, ya kafa kamfanin Phoenix Renewables, ya fara da cire injin fetur daga ƙananan motocin bas yana sa musu batir da ake caji da hasken rana, aikin da ya ja hankalin jaridun duniya. Gwamnatin Babagana Zulum ita ma ta shigo da motocin haya masu lantarki. Da tsadar mai ta yi tsanani, babura masu batir suka fara ɓullowa a titunan garin, shiru ba ƙara, har sai da 'yan sanda suka fito suka jaddada cewa haramcin ya haɗa da su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa buƙatar tana nan da ranta. Ma'aikaciyar lafiya da ke zuwa unguwar bayan gari, da manomin da gonarsa ke hanyar da keke ba ya shiga, da ɗalibin da kuɗin mota ke cinye masa rabin abin da aka ba shi, duk suna da hujja.

Ba wanda ke da ikon cewa a buɗe gobe in ba hukumomin tsaro ba, kuma wanda ya binne ɗan'uwa a 2011 yana da haƙƙin ya ji tsoro. Amma in ranar sake duba dokar ta zo, akwai abin ɗauka daga tarihin masu baburan kilisa da na tashoshin acaɓa na da. A duka biyun, mahayi sananne ne a cikin jama'arsa: an san sunansa, an san mashin ɗinsa, an san wanda ya tsaya masa. Abin da ya ba maharan dama shi ne babur marar lamba da mahayi marar asali. Rajista ta gaskiya tun daga shagon dila, da reshe a kowace unguwa wanda bulama ya san mambobinsa, da lamba a jikin riga da jikin mashin, da farawa da rukunin ma'aikatan da aikinsu ke buƙata kafin a faɗaɗa, duk abubuwa ne da za a iya gwadawa. Mutumin da ya zuba guminsa ya mallaki abin hawa da sunansa a takarda shi ne ya fi kowa ƙin a yi ɓarna da irinsa, domin shi za a fara karɓe wa.

Kamfanonin da ke hangen wannan kasuwa, na Indiya ne ko na Sin ko na gida, su ma akwai aiki a gabansu. Matasan Maiduguri na yanzu ba su gaji wani suna daga iyayensu ba, shekarun haramci sun yanke wannan igiya, don haka fili a buɗe yake. Wanda zai ci shi sai ya amsa tsofaffin tambayoyin nan a sabuwar siga: batirin zai jure zafin Afrilu? In ya mutu, nawa ne sabo, kuma a wane shago? Ina za a yi caji a garin da ya taɓa shafe watanni masu yawa ba wutar gwamnati bayan an fasa turakun layin Damaturu a 2021? Sannan yaran garejin Baga Road da Tashar Bama, wa zai koya musu gyaran mashin da ba shi da fulogi ba shi da kabureta?